Mai Janareto da 'Yar Bayan Labule

"Bari ka ji da kunnenka, Baba," in ji saurayin. Ya jingine sandunan dogarawarsa a jikin kantar shagon, ya buɗe laftof ɗin, ya kunna gem ɗin tseren motoci.

Motar cikin gem ɗin ba ta kai kwanar farko ba fanka ta ɗauki gurnani. Ƙarar ta cika ɗan shagon da ke ƙarƙashin matakalar bene, har telan da ke makwabtaka ya tsayar da kekensa ya leƙo.

Daga bayan labulen da ya raba shagon biyu wata murya ta ce, "Baba, ka gaya masa ba ma gyaran janareto."

Saurayin ya yi dariya, irin wadda ya daɗe bai yi ba. Labulen ya motsa, budurwa ta fito da ƙaramin sukundireba soke a aljihun rigar aiki. Ta ɗora tafin hannu a ƙasan laftof ɗin, ta janye da sauri.

"Kai! Wannan ai sai a soya ƙwai a kai."

Ta ɗago, idonsu ya haɗu. Ita ta fara kawar da kai, shi kuwa ya manta abin da zai ce.

Baba, wanda duk layin ke kira Injiniya, ya gyara zaman tabaraunsa mai kauri. "Ka bar ta, samari, zan duba. Ka dawo jibi."

"Don Allah in da hali in jira, Baba. Shiga mota da wannan ƙafar aiki ne." Ya nuna ƙafarsa ta dama, wadda ƙarafa suka riƙe daga gwiwa zuwa idon sawu.

Budurwar ta ɗauki laftof ɗin ta ce, "Kawo in kwance maka murfin, Baba, kafin ka gama da wancan."

Ta shige bayan labule da ita, saurayin ya zauna a benci. Labulen bai kai bango ba, kuma ta wannan ɗan tsagin ya ga abin da ba a so a gani. Ita ta kwance, ita ta zaro dunƙulen ƙura daga bakin fanka kamar auduga, ita ta kankare busasshen man sanyaya inji ta shafa sabo. Baba yana gaban kantar shagon yana jujjuya wata matacciyar caja a hannu.

Da ta gama ta yi wa uban raɗa, shi kuma ya juyo da muryar ƙwararru. "Ƙura ce ta toshe ta, kuma fankar ta gaji, sai an sauya. A ina kake ɗora ta in kana wasa?"

"A kan filo, Baba. Kwance nake wuni."

"A kan filo!" Budurwar ta kasa haƙuri. "Malam, ai ka toshe mata hanci ne kake cewa ta yi gudu. Ka nemi faifan katako ka ɗora ta."

"Auta," Baba ya ce a hankali. Ta koma ciki.

Auta ita ce ƙarama a gidan. Ta gama karatun gyaran na'urori, har wani kamfani ya kira ta aiki, sai idon Baba ya fara dushewa. Yayanta ya daɗe da tafiya neman na kansa, mahaifiyarsu kuma ta rasu. Baba ya roƙe ta ta taimaka masa na ɗan lokaci, kada kowa ya sani, don a ganinsa ranar da aka ji Injiniya ba ya gani, ranar shago ya mutu. Ɗan lokacin nan ya zama shekaru. Bayan labule babu taga, sai fitila da warin dalma da takun masu hawa bene a saman kanta. Da takun nan take gane rana ta yi ko yamma ta yi.

Shi kuwa direban motar dogon zango ne, har ranar da taya ta fashe masa a kan gudu. Tun daga lokacin duniyarsa ta koma gado, bango huɗu, da mahaifiyarsa mai leƙowa tana tambayar ko yana son wani abu. Kowa Direba yake kiransa har yanzu, sunan da ke masa daɗi yana kuma masa ciwo.

Lambar shagon a wayar Auta take, tunda Baba ba ya iya karanta saƙo. Washegari da hantsi wayar ta yi ƙara.

"Barka da aiki. A gaya wa Injiniya janareto ya rage kuka. Na samo katakon. A kuma gaida likitar da ta yi aikin."

Ta rubuta, "Injiniya ne ya yi aikin."

"Haka ne. Ni ma ban ga komai ba, kuma bakina a ɗinke yake. Amma hannun da ban gani ba ya iya aiki."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Rabon da wani ya yaba aikinta da sunanta har ta manta.

"Na gode, Mai Janareto."

"Sunana ke nan yanzu? To na karɓa, Likita."

Daga nan saƙo ya zama abincinsu. Yakan aiko mata hoton ɗan guntun sararin samaniya da ake hange daga tagarsa, ya rubuta, "Ga rabonki na yau, tunda ke ba ki da taga." Ita kuma takan tambaye shi ko ya yi atisayen ƙafar da likita ya ce, in ya fara kame-kame ta ce ba za ta ƙara amsa shi ba sai ya zagaya ɗaki. Sai ya tashi ya zagaya, yana cije baki.

Sabuwar fankar ta ƙi zuwa. Wanda ke kawo musu kayan gyara, wanda ake kira Dila, shi ne da babban shago a bakin titi, kuma ya daɗe yana son Auta. Shi kaɗai Baba ya taɓa gaya wa maganar idonsa. Da ya lura mai sanduna ya fiye zaman benci, sai fanka ta zama yau tana hanya, gobe an aiko wadda ba ita ba. Bai san gata yake wa Direba ba, don kowane jinkiri dalili ne na sake zuwa.

Wata rana Baba ya fita, ya bar su da tela yana jiyo su ta bango. Direba ya matso da benci kusa da labule.

"Likita."

"Na'am."

"Kin san laftof ɗin nan ba ita kaɗai ke ɗaukar zafi ba in na shigo shagon nan?"

"To a nemo maka katako kai ma," ta ce, tana danne dariya.

"Da gaske nake. Ba ni da ƙafa biyu masu kyau, ba ni da mota a hannu. Amma tunda na san ki na daina jin tsoron wayewar gari. Ina son ki, Auta. Aure nake nufi."

Sukundireban ya tsaya a hannunta. Ba ta ɗaga labulen ba, don kada ya ga idonta.

"In na fita daga nan, wa zai zama idon Baba?"

"Ban ce ki bar shi ba."

"Ba ka gane ba. Ni ba aiki nake a nan ba. Ɓoye ni aka yi."

Duk da haka da yamma ta aika masa: "Na ji maganarka, kuma ba ta faɗi ƙasa ba. Ka yi wa Baba magana, amma a hankali."

Ya yi a hankali, amma Baba ya tashi kamar an taka shi.

"Da me za ka riƙe ta? Da tseren motar ƙarya? Ƙato da kai ka kwanta kana wasan yara har inji na kuka! In ka karɓi kayanka kada in ƙara ganin ka a bencin nan."

A gida ya ce wa Auta, "Ba zan tilasta miki kowa ba, kin san ni. Amma Dila ya san halin da muke ciki, ya ce ko bayan aure za ki ci gaba da zuwa shago yadda kike. Wancan fa? Ɗauke ki zai yi, ya bar ni ina lalube a gaban mutane."

Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe. Da faɗa ya yi da ta iya musu. Amma roƙo ne.

A makon ne fanka ta iso, Direba ya kawo laftof ɗin ya bari. Auta ta ɗaura ta, ta kunna gem ɗin don ta ga ko zafin zai dawo. Laftof ɗin ta yi lum, sai ɗan huci mai laushi. Tana murmushi ke nan saƙo ya faɗo a gefen allo, daga wani suna, Tauraruwa.

"Ina ka shige ne? Kullum sai na jira ka. In ba ka, ɗakin nan cinye ni yake. Ka dawo don Allah, ba ni da kowa sai kai."

Ta karanta, ta sake karantawa. A sama akwai wasu irinsa, na jiya, na shekaranjiya, na watanni. Ta rufe laftof ɗin a hankali. Ashe shi ya sa ya damu da gyaran. Ashe ita hanya take gyara masa zuwa wurin wata.

Da ya zo karɓa ba ta fito ba. Baba ya miƙa masa ya juya baya.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

"Likitata, shiru babu ko huci. Hannunki albarka."

"Lafiya kuwa? Ko Baba ne ya karɓe wayar?"

"Auta, na zagaya ɗaki yau da sanda ɗaya kawai. Ke na fara so in gaya wa."

Ba ta amsa ko ɗaya ba. Shagon ya ƙara matsewa. Takun bene ya koma kamar a tsakiyar kanta ake yi. Dila ya fara shigowa kullum yana zama a bencin, yana lissafa mata yadda zai faɗaɗa bayan labulen ya sa mata sabuwar kujera. Ta saurare shi tana tunanin cewa ko a mafarkinsa ma bayan labule ya ajiye ta. Sau biyu tana buɗe baki ta ce wa Baba ta amince, don dai a huta, maganar na maƙalewa.

Da abin ya ishe ta, ta rubuta layi ɗaya: "Ka je Tauraruwa na jiran ka. Ba ta da kowa sai kai."

Amsa ba ta zo ba. Shi ne ya zo, da rana tsaka, gumi ya jiƙa masa riga, sanda ɗaya a hannu, laftof a ɗaya. Dila na zaune, ga wata malamar makaranta tana jiran a ba ta kwamfutarta.

"Na ce kada ka dawo," in ji Baba.

"Ka yi haƙuri, Baba. Minti kaɗan, in ya so ka kore ni." Ya ɗora laftof a kan kantar shagon, ya danna kiran bidiyo, ya juya allon wajen labule. "Likita, fito ki gaisa da Tauraruwa."

Ta fito fuska a ɗaure. A allon wani dattijo ne mai furfura a gemu, kwance, an tokare shi da filo.

"Kai ɗan nema, ina ka shige?" dattijon ya ce. Sai ya hango ta. "Au! Ko ita ce likitar? 'Yata, sannu. Kullum sai ya cika mini kunne da ke har in ci shi tsere bai sani ba."

Auta ta dubi Direba.

"Maigidana ne," ya ce. "Shi ya koya mini tuƙi. Yana gefena ranar da tayar ta fashe. Ni ƙafa na bari, shi bayansa ne. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya ji. 'Yarsa ce ta buɗe masa gem ɗin da sunanta kafin ta koma gidan mijinta."

"Na ce a sauya sunan nan, an ƙi," dattijon ya yi ƙorafi. "Da gemuna ana kira na Tauraruwa! 'Yata, ba wasa muke ba. In muka hau titin nan ni da shi, nakan manta da silin ɗin da nake kallo. Da injinsa ke mutuwa a tsakiyar hanya, sai in ga motarsa ta tsaya cak, ni kaɗai a titi. Allah ya yi miki albarka da kika gyara."

Auta ta rufe fuska da hannu biyu, dariya da kuka suka haɗe mata. "Ka yafe mini," ta ce ta tsakanin yatsu.

"Kishin dattijo mai gemu kika yi, zuciyata. Wannan ba zan taɓa bari ki manta ba."

Ta share ido, ta juya wajen Dila. "Ka yi haƙuri. Ka yi mana alheri da yawa, amma ba zan aure ka ba. Gara in faɗa maka yau."

Fuskar Dila ta canza. Ya miƙe, ya ɗauki wani ɗan ƙaramin allon inji daga kan kantar shagon, ya kai shi gaban Baba.

"Injiniya, karanta mana lambar da ke jiki. Karanta mana, mutane su ji. Ko sai an kira ta bayan labule?"

Baba ya karɓi abin. Ya kai shi kusa da tabarau, ya nisanta shi. Leɓensa ya motsa, babu abin da ya fito. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige da ita da uban gaba ɗaya.

Malamar makarantar ce ta yi magana.

"Kai kuwa ba ka ji kunya ba? Wa kake ba labari? Injiniya, mun daɗe da sani. Tun ranar da ka miƙo mini caja a juye na gane. Ban fasa zuwa ba, don aikin gidan nan ba ya dawowa."

Tela ya leƙo, tsinken allura a baki. "Duk layin nan wa bai sani ba? Mun yi shiru ne don girmanka. Kai ka koya mata, ai hannunka ne."

Dila ya ajiye abin ya fice, ko sallama babu.

Baba ya lalubi kujera ya zauna. Ya cire tabarau ya riƙe a cinya. Sannan ya ce, "Kowa ya sani?"

"Kowa," in ji tela.

"To don wa na ɓoye ta?"

Ranar da wuri suka rufe shago. A hanyar gida Auta na riƙe da hannunsa a fili, abin da bai taɓa yarda ba. Sun kusa ƙofa ya tsaya.

"Auta, na ci miki shekaru."

"Baba, kada ka ce haka."

"Bar ni in faɗa. Tsoro ne ya sa na zagi yaron nan. Mutumin da bai yar da maigidansa a gado ba, ba zai yar da ke ba. Ki ce ya turo manyansa."

Da ta shiga ɗaki ta rubuta: "Mai Janareto, Baba ya ce ka turo."

Amsar ta zo nan take: "Ummata ta ji ihuna ta shigo a guje, ta ɗauka faɗuwa na yi. Yanzu ita ke kuka. Likitata, na gode da kika zaɓe ni da ƙafa ɗaya da rabi."

Ba a rana ɗaya komai ya daidaita ba. An cire masa ƙarafan, amma likita ya ce dogon tuƙi ya ƙare. Ya yi kwanaki ba ya son magana, Auta ta bar shi ya yi baƙin cikinsa, sannan ta tura shi ya nemi tsohon kamfaninsu. Suka ba shi tebur a tasha, yana tsara fitar motoci da shigarsu. Shi ne kuma ya lallaɓi Baba zuwa asibitin ido, yana cewa ya san kowane benci a wurin. Ganin bai dawo ba, amma an tsayar da abin da ya rage. Baba da kansa ya sa aka sauke labulen aka dawo da teburin Auta gaba. Shi yana karɓar baƙi, yana sauraron kukan inji ya faɗi ciwonsa, ita tana aiki a idon kowa.

Ranar ɗaurin aure gidan ya cika. Yayanta ya zo daga nesa. Tela ya hana kowa sakat da labarin cewa a kunnensa aka fara. Can sai hayaniya ta tashi a ƙofa: direbobin tasha ne suka ɗauko Maigida a keken marasa lafiya, sun sauko da shi daga benensa a kafaɗa. Yana shigowa ya ɗaga murya, "Ina amaryar? A gaya mata kishiyarta ta iso!" Aka kwashe da dariya, ango ya durƙusa ya rungume shi, suka daɗe ba su saki juna ba.

Da za a tafi da ita, Auta ta durƙusa gaban Baba. Ya sa hannu biyu ya shafa fuskarta, goshi da kumatu, a hankali.

"An ce kin yi kyau," ya ce. "Na yarda. Ina angon?"

Direba ya matso. Baba ya kamo hannunsa ya ɗora a kan nata.

"Ga ta nan, ɗana. Ita ce mafi tsadar abin da na taɓa riƙewa. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya yalwata muku gida da zuciya, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku yadda ta ji ƙaina. Ku tashi, Allah ya yi muku albarka."

"Amin," ɗakin ya amsa baki ɗaya.

Suka miƙe tare. Yana ɗan ɗingishi, ta rage sauri ta daidaita takunta da nasa, suka fita.